Kunnen Ɗigo a Gwangwani

Ranar da Shugabar makaranta ta aika a kira Maman Ɗigo, sai da ta fara ba ta kujera mai laushi, ta tura mata ruwan sanyi a kofi, ta tambayi aiki, ta tambayi maigida. Duk uwar da Allah ya ba yaro mai lalura ta san irin wannan tarbar. Ba a ba ki ruwan sanyi a ofis don ana ƙaunarki, sai don abin da za a gaya miki yana da zafi.

"Maman Ɗigo, mu dai mun yi iya yinmu," in ji Shugaba, tana gyara zaman gilashinta. "Yarinyar nan ba ta tare da mu. A kira ta, ba ta waiwaya. A yi waƙa, tana can bayan aji tana wasa da takalman mutane. In zangon nan ya ƙare ba mu ga canji ba, gara ku nema mata inda ya dace da ita."

Inda ya dace da ita. Maman Ɗigo ta san wurin da ake nufi, don ba yau aka fara nuna mata hanyarsa ba. Makarantar kurame ce ta kwana. Ba ta da laifi, an ce ma malamanta mutanen kirki ne, amma yini guda ake yi a mota kafin a kai, in kuma aka ajiye yaro sai hutu. Ɗigo kuwa shekararta huɗu, har yanzu ba ta barci sai ta damƙe gefen zanin uwarta.

Ta ce, "To, ranki ya daɗe." Ruwan ko taɓa shi ba ta yi ba.

Ɗigo ba kurma ba ce gaba ɗaya, abin da yake cin ran uwar ke nan. Da jinta aka haife ta, 'yar mitsitsiya, har kakarta ta leƙa cikin zani ta ce wannan ai ɗigo ce ba jaririya ba, sunan ya bi ta. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita tana koyon tafiya, da ya tashi tafiya ya tafi da mafi yawan jinta. Babanta ya sayar da babur ɗinsa ya koma jan tasin wani, aka saya mata na'urar ji guda biyu, 'yan ƙanana, ana saƙala su a bayan kunne. A gidan ba mai ce musu na'ura. Kunnen Ɗigo ake cewa. "Kin sa mata kunnenta?" "Ɗauke kunnen nan daga kusa da ruwa."

Likitan kunne ya yi musu bayani dalla-dalla. Daga tashi barci har kwanciya kada a cire, sai dai wanka. Kuma a kai ta cikin yara masu surutu, don yanzu ne kanta yake cafkar magana. In shekarun nan suka wuce sai an sha wuya, wani abin ma ya wuce ke nan. A gida kuwa abin ya fara da kyau. Ta ce Mama, ta ce Baba, ta ce ruwa, ta ce zafi, ta ce a'a, wannan kam ta fi kowace fita raɗau a bakinta. Ranar da ta fara jin kukan kyanwar maƙwabta, bin ta ta yi har ƙarƙashin mota tana ƙyalƙyala dariya.

Neman makaranta ne ya nuna wa uwar halin mutane. Duk inda ta shiga ana murmushi ana lale, da an hango abin da ke kunnen yarinyar sai aji ya cika nan take. Wannan makarantar ce kaɗai ta karɓa, kuma ranar karɓar Maman Ɗigo ta zauna ta maimaita wa Shugaba duk abin da likita ya faɗa, Shugaba tana gyaɗa kai tana amsa waya. Ta fito tana sa mata albarka har bakin titi.

To, tun da Ɗigo ta shiga makarantar bakinta ya tsaya cak. Wata da watanni, ko kalma ɗaya ba ta ƙaru ba. Yaran layinsu suna dawowa da waƙar ƙirge, da waƙar wanke hannu, har da ashar ɗin da suka kwaso a wajen wasa. Maman Ɗigo, da ashar ɗin ma aka dawo mata da shi, wallahi da ta yi murna. Kullum da yamma sai ta zaunar da yarinyar a tabarma ta ce, "Me aka koya muku yau? Faɗi. Faɗi mana." Ɗigo ta zuba mata ido. Wata rana gajiya da takaici suka haɗu, uwar ta make mata hannu ta ce taurin kai ne kawai, ai a gida tana ji sarai. Yarinyar ba ta yi kuka ba, sai ta riƙa duban hannun tana duban uwar.

Kada wani ya ce me ya hana uwa ta leƙa aji ta ga abin da ake ciki. Dokar makarantar ita ce iyaye iyakarsu bakin get, mai gadi kuwa ya haddace dokar nan fiye da sunayen 'ya'yansa. Da safe Baban Ɗigo yake sauke ta a tasi, ya miƙa ta da jakarta, kunnenta a kunne. Da rana uwar take ɗaukar ta a get ɗin, kunnenta a kunne. Tsakanin nan kuwa ita tana gidan burodi tun duku-duku, tana juye burodi daga kwanon gashi in an zaro shi daga tanda, ta jera a katako ya huce, ta tura a injin yanka, ta ɗura a leda ta ɗaure baki. Hannayenta duk tabon ƙuna ne, kayanta kullum suna ƙamshin yis.

Abu ɗaya ne ya ba ta mamaki, shi ma don wauta ta ɗauke shi alheri. Batirin na'urar da a da ba ya jimawa yake mutuwa, yanzu sai ya daɗe ko gezau. Har yabon mai shago ta yi, ta ce Allah ya yi wa kamfanin nan albarka, sun gyara kayansu. Mai shago ya ce ai shi dama ba ya sayar da jabu.

Bayan kiran Shugaba da 'yan kwanaki, motar fulawa ta lalace a hanya. Aka gasa ɗan abin da aka kwaɓa, mai gidan burodi ya zagaya yana tsaki, daga bisani ya ce kowa ya kama gabansa. Hantsi bai gama duban ludayi ba Maman Ɗigo ta sami kanta a titi ba aikin yi, sai ƙafarta ta ja ta makaranta. Niyyarta ta roƙi mai gadi ya kira mata Malama su yi magana ta tsakanin ƙarafan get. Sai ta tarar da get a wangale, tankar ruwa tana shiga da baya, mai gadi yana can yana ɗaga wa direba hannu yana "zo, zo, zo". Ta raɓa ta gefen tankar ta shige abinta.

Ajin 'yan shekara huɗu ba ya ɓuya, waƙa ce take tashi ta taga. Ta tsaya a bakin ƙofa. Yara sun yi da'ira a kan shimfiɗa, Malama tana tsakiya tana tafi, tana tsalle, tana kwaikwayon agwagwa, yara suna ta shewa. Yarinya ce ƙarama Malamar, ba ta daɗe da gama karatu ba, kuma ta iya aikinta, wannan ba a hana ta. An manna zane-zanen yara a bango, ga kwalin fenti, ga 'yan kujeru ja da shuɗi an jingine su gefe. Can baya, wajen katakon ajiye takalma, ga Ɗigo a tsugune ta ba ajin baya, tana haɗa takalman yara ƙafa da ƙafa tana jerawa.

"Ɗigo," uwar ta kira.

Ajin gaba ɗaya ya waiwayo. Waƙa ta tsinke. Ɗigo ta ɗauki wani jan takalmi tana neman ɗan'uwansa.

"Ɗigo!"

Ko motsi. Maman Ɗigo ta ratsa ta tsakiyar da'irar da takalminta a ƙafa, ta dafa kafaɗar yarinyar. Ɗigo ta zabura kamar an watsa mata ruwa, da ta ga ko wace ce sai ta washe baki ta rungume ƙafafunta. Uwar ta juya kan yarinyar dama, ta juya shi hagu. Bayan kunnuwan wayam, sai ɗan shatin inda abin yake zama.

Ta miƙe a hankali. Muryarta ma a hankali ta fito, irin a hankalin da ya fi ihu ban tsoro.

"Malama, ina kunnenta?"

"Sannu da zuwa, Maman Ɗigo. Na'urar? Ai tana nan lafiya lau, kada ki damu."

Har da murmushinta. Ta zaro makulli daga igiyar da ke wuyanta, ta buɗe durowar teburi, ta ɗauko wani gwangwanin alawa ta ɓalle murfin. A ciki akwai 'yan kunnen wata yarinya, da agogon roba, da makullin gidan wani, da kunnen Ɗigo guda biyu, an kashe su, an naɗe su tsaf a cikin tishu kamar kayan lefe.

"Kin gani? Ko ƙwarzane babu. Ana gab da tashi nake mayar mata."

"Tun yaushe?"

"Na'am?"

"Tun yaushe kike cire mata?"

Murmushin ya fara sulalewa. "Tun... tun satin farko."

Maman Ɗigo ta ji ɗakin yana juyawa da ita. Batiri. Ashe batirin da take sa wa kamfani albarka a kansa a gwangwani yake kwana yini. Ashe kullum 'yarta tana zaune cikin bakunan da ke motsi ba sauti, ta dawo gida uwarta ta tsare ta da me aka koya muku. Hannun da ta make ya faɗo mata a rai, sai idonta ya rufe.

"Kin cire wa yarinya ji kin kulle a durowa, sannan ku kira ni ku ce ba ta ji? Da me za ta ji, da gwiwa? Ke in aka cire miki idanu aka sa a gwangwani aka ce karanta allo, za ki karanta?"

"Don Allah ki tsaya ki ji, wallahi ba da mugunta ba ne." Malama ta fara rawar murya. "Satin farko ɗaya ya faɗi a wajen wasan yashi, muka yi ta tono, ashe wani yaro ne ya tsinta ya sa a baki. Da ya haɗiye fa? Bara 'yan kunnen gwal na wata yarinya suka ɓata a ajin nan, uwarta har da 'yan sanda, a albashin malamar aka cire, ƙarshe aikin ma ta bar shi. Na gaya wa Shugaba, ta ce duk kaya mai tsada a gwangwani yake zama, doka ce. Ni adana miki nake yi."

Da muguwa ce da abin ya zo da sauƙi, a yi mata wankin babban bargo a wuce. Amma matsoraciya ce kawai, kuma tsoron nata ya yi ɓarnar da mugunta ma sai ta yi da gaske kafin ta yi. Wannan ya ƙara tunzura uwar.

"Adanawa. Kin adana roba da waya kin zubar da yarinya. Bakinki ciwo yake da ba za ki tare ni a get ki ce ga abin da ya faru ba? Kullum muna gaisawa. Kullum sai na ce yaya Ɗigo, ki ce alhamdulillahi."

Ta fizge tishun daga gwangwanin, ta tsuguna ta kunna, ta saƙala wa yarinyar, ta saɓe ta a kafaɗa ta nufi ofis. Malama ta biyo ta da gudu-gudu, yara suka cika taga.

Shugaba tana cin abinci a kan teburinta. Ta ɗago, cokali a hannu.

"Wa ya ba ki izinin shigowa? Ina mai gadi?"

"Mai gadi yana aikinsa. Ke nake son ki gaya mini naki." Maman Ɗigo ta dire yarinyar a kan kujerar nan mai laushi. "Ke kika ce a riƙa kulle mata kunne?"

Shugaba ta dubi Malama, ta ajiye cokali, ta goge baki. Mace ce da ta saba da iyaye masu zafi, tana da muryar da take ajiyewa musamman dominsu.

"Ki zauna mu yi magana ta hankali. Makaranta tana da tsari. Kaya mai daraja ba ya zama a jikin yaro, ko na wane ne. Ba mu nuna wa 'yarki bambanci ba, yadda muke yi wa kowa haka muka yi mata."

"Kowa da 'yan kunne yake ji?"

"In ya ɓace wa zai biya? Ke ce za ki fara ɗaga mana hankali."

"In ya ɓace ubanta zai sake sayar da abin da ya mallaka. Watannin nan da kuka cinye mata fa, a wane shago ake sayar da su? A kujerar nan na zauna na gaya miki likita ya ce kada a cire. Kina ta gyaɗa kai."

"Ni na ɗauka tana ɗan ji ko babu shi. Kamar gilashi ne, ai mutum yana cirewa ya huta."

"Cire naki ki huta, mu ga ko za ki gane ni."

Shugaba ta haɗe rai. "Maman Ɗigo, ki rage murya, yara suna ji."

"Madalla da suna ji. Ai tawa ce kaɗai aka hana."

Ɗigo, da ba ta san abin da ake yi ba, ta miƙa hannu ta ɗauki murfin biro a teburin tana juyawa. Uwar ta dube ta, ta rantse a ranta ba za ta yi kuka a gaban matar nan ba.

"Abin da ya fi ƙona mini rai," ta ce, "ba cirewar ba ce. Kun cire, kun ga ba ta waiwaya, ba wanda ya ce bari mu mayar mu gani. Sai kuka yanke cewa ita ce ba ta dace da ku ba. Da tankar ruwa ba ta zo yau ba, da ƙarshen zango na kwashi 'yata na kai ta wata uwa duniya, ina yi muku godiya."

Shugaba ta gyara zaman gilashinta. Ba ta ce ta yi kuskure ba, irinsu ba sa faɗa. Cewa ta yi an sami rashin fahimta, kuma daga gobe za a bar mata abinta, amma makaranta ba ta ɗauki alhakin ɓata ko lalacewa ba.

"Kada ki ɗauka, dama ba ki saba ba. Gobe kuma da ni za a shiga aji."

"Doka ba ta..."

"Gobe da ni za a shiga aji, ranki ya daɗe. Ko kuma in tsaya a get da safe in ba kowace uwa labarin gwangwani."

Shugaba ta ce to, na gobe kaɗai.

Da Baban Ɗigo ya dawo da yamma ya ji labari, makullin mota ya sake ɗauka. Sai da matar ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina za ka? An tashi tun ɗazu, da mai gadi za ka yi dambe?"

"To ta gama zuwa makarantar nan. Ko ƙofar ba za ta sake takawa ba."

"Ka kai ta ina? Ka manta yawon da na sha? Ko so kake mu yi musu abin da suke so da hannunmu?" Ta karɓe makullin ta jefa a kan gado. "Ba inda za ta. Kujerarta ce, ajinta ne. Su ne za su gyara zama."

Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Can ya ce, "Ni nake miƙa ta kullum. Ban taɓa tambaya ba."

"Ni da nake karɓar ta na tambaya ne?"

Ta ɗauko igiyar tsohon takalmi ta wanke, ta ɗaure na'ura ɗaya a kowane bakin igiyar, ta maƙala fil a tsakiya yadda za a soke shi a wuyan riga. Ko abin ya zame daga kunne, a kafaɗa zai tsaya yana lilo, ba yashi ba bakin yaro. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama. Ta riƙe abin a tafin hannu tana kallo, baƙin ciki kamar ya kashe ta. Igiyar takalmi da fil. Abin da ya raba 'yarta da magana wata da watanni ke nan, kuma a cikin manya huɗu ba wanda ya yi tunaninsa, har da ita. Ta jawo Ɗigo ta kama hannun nan da ta taɓa makewa ta riƙe a ƙirjinta, ta ce, "Yi haƙuri." Ɗigo ta ce, "Ruwa."

Washegari ta kira mai gidan burodi ta ce ba za ta samu zuwa ba. Ya ce fulawa ta iso, aiki ya taru, in ba ta zo ba kada ta ga laifinsa. Ta ce ba za ta gani ba, ta kashe wayar.

Mai gadi ya matsa gefe yana hararar ƙasa, da alama an wanke shi jiya. Ta wuce riƙe da hannun Ɗigo, igiya tana reto a bayan wuyan yarinyar. A ranta ta gama tsara yadda abin zai kasance: za a yi waƙar agwagwa, Ɗigo za ta ɗago kai ta baro takalma, ta shiga da'ira. Har ta fara jin sanyin nasara.

Malama tana tsaye a bakin teburinta, idanunta a kumbure, ta gaishe ta ƙasa-ƙasa. Babu makulli a wuyanta yau.

Ɗigo ta saki hannun uwarta. Yarinya ce mai tsari, ta san aikinta na safe ba sai an gaya mata ba. Ta tuɓe takalmi ta ajiye a katako, ta daidaita su. Ta rataye jaka a ƙusarta. Sannan ta sa hannu biyu ta zare kunnuwanta, na dama da na hagu, ta taka har gaban Malama. Igiya ta riƙe, ta ja, rigar ta tattaro a wuyanta, amma ba ta fasa ba. Ta ɗaga su sama iya tsawon igiyar, ta buɗe baki.

"Kaawo," ta ce.

Tas ta fito, ba gargada, da muryar Malama sak, har da ɗan jan da take yi in tana lallashin yaro. Uwar ba ta taɓa jin kalmar a bakin 'yarta ba. Sabuwa ce fil, ita ce ta farko da Ɗigo ta samo a makaranta. Ba sai an yi wa Maman Ɗigo bayani ba. Wannan ce kalmar ƙarshe da yarinyar take ji kowace safiya kafin duniya ta ɗauke, ita kaɗai aka bari ta shiga kunnenta a ɗakin nan, ita kuwa ta riƙe ta da kyau.

Malama ta mayar da hannayenta baya kamar an miƙo mata garwashi. Hawaye suka zubo mata.

"Karɓi mana," in ji Maman Ɗigo. "Ɗalibarki ce. Kin koyar, ta iya."

"Don girman Allah, Maman Ɗigo..."

Uwar ba ta saurare ta ba. Ta jawo wata 'yar shuɗiyar kujera tsakiyar da'irar, ta zauna gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, ta ɗora yarinyar a cinya, ta mayar mata da kunnuwan ɗaya bayan ɗaya. Nan take hayaniyar ajin ta afka wa Ɗigo: ƙarar jan kujeru, ihun yara, fanka, kwano da ya faɗi a ƙasa. A saninta ɗakin nan shiru ne, haka aka koya mata shi. Ta firgita ta ƙwalla ƙara, ta kai hannu za ta fizge. Uwar ta cafke hannayen biyu ta haɗe su a cikin nata.

Yara suka yi tsit suna kallo. Malama ta ɗora yatsa a baki tana yi musu alamar kada kowa ya motsa.

"Wa ya ce su yi shiru?" in ji Maman Ɗigo. "Shirun ya isa haka. Ɗauki waƙarki."

Malama ta share fuska da bayan hannu, ta tafa sau ɗaya, ta ɗauko waƙar agwagwa da muryar da ta dushe. Yara suka amsa ɗaya-ɗaya, sannan gaba ɗaya. Ɗigo tana ta miƙa, tana dukan ƙirjin uwarta da ƙeya, tana miƙa wuya wajen Malama tana kuka tana roƙo, "Kaawo, kaawo." Hawayen uwar suna sauka a kan kitson yarinyar, haƙoranta a datse, amma hannun nan ba ta sake shi ba.